Katangar Baket Sabina

Lakay Kalisto mawaƙi (Lakay muke ce wa dattijo) yana da wata ɗabi'a da mutanen ƙauyenmu suka daɗe suna ɗauka mantuwa ce. Duk ranar da ya kai wa tsoho waƙarsa a karon farko, sai an sami abu ɗaya a cikinta da ba haka yake ba. Ba babban abu ba. Ya ce dokin mutum fari ne alhali ja ne, ko ya ce a ƙetaren rafi aka haife shi alhali a wannan gefen ne. Tsohon da ke kwance idonsa a rufe yana saurare, sai ka ga ya buɗe ido ɗaya.

Haka aka yi da Lakay Bugtong, wanda ya daɗe ba ya iya zama sai an tallafe shi. Kalisto ya zauna a bakin gadonsa da jita, yana kaiwa wurin doki sai tsoho ya dafa bango ya tashi zaune da kansa.

"Fari? Uban wa ya ce maka fari ne? Kai da ka faɗo daga bayansa har wandonka ya yage?"

"Au, ja ne, Manong?" Haka muke kiran yaya namiji, mace kuma Manang.

"Ja mana, kamar garwashi. Kuma ba a kasuwa na saye shi ba. Ajiye katakon nan ka ji yadda aka yi."

Har rana ta take tsaka Bugtong na ba da labari. Ya sha kofi, ya ce a ƙaro, ya nemi a dafa masa dankali. Kalisto ya sunkuyar da kai ƙarƙashin hularsa ta kaboyi yana ɗan taɓa tsirkiya. Abin da tsohon ya faɗa cikin faɗa, shi ne ya shiga waƙar daga baya.

A tsaunukan Buguias tsoho yakan tanadi kayan tafiyarsa tun da sauran ƙarfinsa: bargon da za a naɗe shi a ciki, da akwatin da za a sa shi. Da ma abu biyu ne. Kalisto ne ya mai da su uku.

Ɗan masu noman kabeji ne kamar kowa. Yana yaro ya ji kiɗan kantiri, irin na kaboyi, a rediyon wani direba, kuma tun daga nan bai ƙara zama daidai ba. Ya yi aikin haƙar ma'adinai har ya sayi jita da takalma masu tsini, ya sauka birnin Baguio yana waƙa a gidajen shaye-shaye da Turancin da rabinsa bai san ma'anarsa ba. A zaman makokin mahaifinsa ne aka miƙa masa jita aka ce ya yi wa tsoho wani abu. Ya duba duk waƙoƙin da ke kansa, babu ko ɗaya da mamacin zai gane. Sai ya ɗauki wannan kiɗan mai tafiyar doki a gajiye, ya ɗora masa harshenmu, ya faɗi yadda tsohon yake hura wuta da yadda yake zagin ɓeraye. Mutane suka yi dariya, suka share ido.

Bayan wannan tsofaffi suka fara aiko masa. Kowa yana so ya ji tasa tun yana da kunne. Waƙoƙin ba su da kuka a cikinsu. Sukan bi rayuwar mutum a hankali, gonarsa, 'ya'yansa, abin da ya iya da abin da ya kasa. Baitin ƙarshe kuwa kullum iri ɗaya ne da ɗan bambanci: mutumin ya hau motar kayan lambu da sassafe, motar ta gangara cikin gajimaren da ke kwanciya a kan hanya, a wata kwana kuma wani nasa da ya riga shi tafiya yana tsaye da kofi mai zafi. Kalisto ne ke zaɓar wanda zai tsaya a kwanar. Bai taɓa kuskure a wannan ba.

Akwai abin da ya lura da shi a shekarun nan, bai kuma faɗa wa kowa ba. Tsohon da ke gardama a kan waƙarsa yakan ci abinci. Ranar da ya ji baitin ƙarshe ya gyaɗa kai ya ce ta yi, daga nan sai ya fara kallon rufin ɗaki yana jiran ajali. Ba dukansu ba. Amma Kalisto yakan daɗe kafin ya kai wa mutum baitin ƙarshe, har ana cewa ya faye nawa.

Matarsa Baket Sabina (Baket muke ce wa dattijuwa) ba ta cikin masu cewa mantuwa ce. Ta san shi ciki da bai. Gajeruwa ce mai faɗin tafin hannu, muryarta tana ƙetare kwari ba tare da ta ɗaga ta ba. A shekarar da babbar guguwa ta zaftare gonarsu ta ƙasa, Kalisto yana Baguio da jitarsa, hanya ta yanke, kuma ko da aka buɗe ta bai yi saurin dawowa ba. Sabina ce ta ɗebo duwatsu daga rafi a bayanta, da 'yarsu Erlinda tana rarrafe a gefe, ta ɗora su ɗaya kan ɗaya ba siminti, har katanga ta fi tsayinta, ta tare ƙasar da ta rage. Ya dawo ya tarar an shuka karas a kai. Ba ta yi masa gori sosai ba. Sai dai duk baƙon da ya zo gidan, kafin ya sha kofi sai an kai shi ya ga katanga.

Sun tsufa tare, tana noma yana tayawa, yana waƙa tana gyara masa. Sai wata shekara ta fara ramewa. Ta ce ba komai. Erlinda, wadda a lokacin take sayar da kayan lambu a babbar kasuwar La Trinidad, ta zo ta ɗauke ta da ƙarfi zuwa asibiti. Likita ya ce wani ƙari ne a cikinta, ana iya cire shi, an cire wa waɗanda suka girme ta. Amma ya ce jikinta ya yi rauni, sai ta ci abinci ta tara ƙarfi kafin ranar.

Sabina ta dawo gida ta yi akasin haka. Ta ciro bargonta daga akwati ta shanya shi ya sha rana. Ta ba maƙwabciya wasu daga cikin kajinta. Ta raba irin wakenta. Kalisto ya ɗora tukunya da kansa ya yi mata farfesun kaza, ta sha cokali biyu ta ture.

"Kada ka ɓata kaji, Lakay. Ka bar su, baƙi za su buƙata."

"Waɗanne baƙi?"

"Kai ma ka sani. Uwata an kai ta asibitin birni, a bargo aka dawo da ita. Yayata haka. Zan je don kada yarinyar nan ta ce na ƙi, amma ba ni da wani buri. Bargo ya sha rana, akwati yana nan. Saura naka."

Kalisto ya juya murfin tukunya a hannunsa.

"Tsirkiyar jitar ta tsufa."

"Ka sa sabuwa."

"Muryata ba ta fita kwana biyun nan."

"Yaushe ta taɓa fita? Da ita ka yi wa duk ƙauyen nan, har Bugtong da ya ci maka mutunci. Ni ce za a binne da waƙar aro?" Ta nuna shi da cokali. "Kuma kada ka kawo mini wayon nan naka. Ka ce zanena kore ne ko shuɗi, ba zan buɗe baki ba. Na san abin da kake yi wa tsofaffin mutane."

Ya yi ta ja da lokaci. Yau ya ce zai je duba ruwa a gona, gobe ya ce yatsansa ya tsage. Ita kuwa kullum ƙara shiga cikin rigarta take. Da ranar tafiya ta matso, ta ce ba za ta sa ƙafa a mota ba sai ta ji waƙarta daga farko har ƙarshe. Erlinda ta same shi a bayan gida yana fere itace.

"Papa, don Allah ka yi mata. Mene ne a cikin waƙa? Idan muka rasa ranar nan ban san yaushe za a sake ba mu wata ba."

"Idan na yi mata fa, ta ce ta yi?"

"Ai shi ke nan, sai mu tafi."

"To," in ji shi. Ya ci gaba da fere itacen har ya zama ba shi da amfani.

Da safiyar tafiya maƙwabta suka taru a tsakar gida, kowa da bargo a kafaɗa don sanyi. Dalmas direba, wanda yakan riƙe wa Kalisto jita ta biyu, ya kawo motarsa jif bakin hanya. Shi ne ya kafa wayarsa a kan buhun dankali don ya ɗauki waƙar, domin a wajenmu miji ba ya waƙa a makokin matarsa, abin da aka ɗauka shi ake kunnawa. Sabina ta zauna a kan benci da jakarta a cinya, hannuwa a harɗe, fuskarta a kwance irin ta wanda ya gama sallama da kowa.

Kalisto ya gyara hula ya fara. Baitin farko na yarinyar da ke tallan dafaffen dankali a bakin hanya ne, wadda direbobi ke tsoron yi mata ciniki. Ya ce zanenta kore ne. Sabina ta ɗan murmusa ta bar shi ya wuce. Baiti na biyu na aurensu ne, da ɗakin da ruwa ke zuba ta kusurwa uku. Matan da ke tsaye suka fara jan hanci. Dalmas ya shigo da amshi a hankali. Sabina ta rufe ido.

Sai ya shiga na uku. Ya faɗi guguwa, ya faɗi yadda gona ta gangara rafi. Muryarsa ta yi laushi ƙwarai. Ya ce shi da ita suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, yana ɗauko manyan duwatsu tana miƙo masa ƙanana, yana ɗorawa tana riƙe masa hula, har katanga ta tashi.

Idanunta biyu suka buɗe a tare.

"Me ka ce?"

Ya ci gaba da kaɗawa kamar bai ji ba.

"Kalisto! Tsaya. Wa ya riƙe wa wa hula?"

"Baket, ki bari in kai ƙarshe, mota na jira."

"Ƙarshen uwar wa? Kai da kake Baguio kana yi wa mashaya kukan jaki? Dutse nawa ka ɗauka? Nuna mini guda ɗaya! Tashi mu je yanzu ka nuna mini!"

Jakar ta faɗi ƙasa. Ta miƙe tsaye ba wanda ya kama ta. Dalmas ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa.

"An daɗe fa," in ji Kalisto. "Ni dai haka nake tunawa."

"Ƙarya kake, ba haka kake tunawa ba! Dalmas, goge abin nan."

"Manang, ni ɗauka kawai na iya, gogewa sai jikata."

"Duk bakinku ɗaya. Ku da kuke tsaye, ba wanda zai yi magana? Ba ku gani ba?"

Aka dubi juna. Yawancinsu yara ne a lokacin guguwar, wasu ba a haife su ba. Tsofaffin da suka ga aikin da idonsu, Kalisto ya riga ya sa su a motar kayan lambu ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani," in ji shi a hankali. "Shaidunki duk sun yi gaba. Ni da ke muka rage."

"To gyara ta yanzu."

"Yanzu ba lokaci. Gyaran waƙa sai an zauna. In kin dawo sai mu zauna." Ya shiga ɗaki ya rataye jitar a ƙusarta, ya fito ya kulle ƙofa, ya sa mabuɗin a aljihu.

"In ban dawo ba fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ai an ɗauka. Waƙa ce mai daɗi."

Ta dube shi tun daga takalma har hula. Ta ɗauki jakarta da kanta, ta ture hannun Erlinda, ta hau gaban mota ta buga ƙofa har madubi ya girgiza.

Ba ta yi masa magana ba duk tsawon hanya. Ta dai yi wa Dalmas, ta yi wa gilashi, ta yi wa duk kwanar da suka sha. Da aka tsaya a inda direbobi ke cin abinci, ta ce a kawo mata shinkafa da miya. Ta cinye tana faɗa, ta jawo kwanon Kalisto ta cinye naman ciki. Shi kuwa ya juya yana kallon kwari, ya daɗe yana gyara hularsa.

A asibiti aka kwantar da ita 'yan kwanaki kafin aikin. Kafin yamma ta farko babu majinyaciya a ɗakin da ba ta san tsawon katangar ba. Nas ta zo auna jini, aka ba ta labarin daga ɗebo dutsen farko. Duk abin da aka kawo a faranti sai ta share shi, ta aiki Erlinda ta ƙaro ayaba. Kalisto yana zaune a benci a baranda, in ya leƙo sai ta juya masa baya.

Da safen da aka zo tura ta ɗakin tiyata, ya bi gefen gadon da hularsa a hannu. Kansa ba gashi, ba kasafai ake ganinsa haka ba. A bakin ƙofa ta kama hannun rigarsa.

"Ka ce wa Dalmas ya goge."

"Sai kin fito."

"Mugun tsoho."

"Na ji."

Ƙofa ta rufe. Ya koma benci. Erlinda ta kawo masa kofi ya huce a hannunsa. Can ta ji yana wani ɗan gunaguni a maƙogwaro, irin wanda yakan yi in baiti yana zuwa masa, sai ya datse shi da tari, ya tashi ya je ƙarshen baranda ya dawo. Abin ya sake zuwa, ya sake tashi. Haka ya wuni, har rana ta koma ɗaya gefen ginin.

Likita ya fito yana cire abin rufe baki. Ya ce an cire, ya fita gaba ɗaya, kuma tsohuwar tana da ƙarfin zuciya fiye da yadda ya zata. Erlinda ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Kalisto ya mai da hularsa, ya cire, ya sake mayarwa. Ya tambayi likita ko akwai inda ake sayar da shinkafa kusa, don rabonsa da abinci tun jiya.

Da ta farfaɗo, bakinta a bushe, ta motsa leɓe. Erlinda ta kai kunne.

"Mama, ruwa?"

"Ina ɓarawon katanga?"

"Ga ni, Baket."

"Ko ɗaya ba ka ɗauka ba."

"Ko ɗaya," in ji shi.

Ta rufe ido ta koma barci, hannunta riƙe da babban yatsansa.

Likitoci sun yi aikinsu, kuma sun iya. Babu wanda ya taɓa cewa waƙa ce ta yi wani abu, shi ma bai ce ba. An dai dawo da ita a gaban mota a zaune. Ta aika aka karɓo kajinta daga maƙwabciya, har da 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a bayanta. Bargo ya koma akwati.

Da ta fara takawa, ta sa aka kai benci gindin katanga, ta ce ya ɗauko jita. Sun yi kusan damina guda a kan baitin nan. Ta nuna masa dutsen da ya fasa mata farce, da wanda ta mirgino da ƙafa don ya fi ƙarfinta, da inda Erlinda ta ci ƙasa. Akwai abubuwan da bai taɓa ji ba a duk zamansu. Baitin da ya fito daga ciki ya fi kowanne tsawo, kuma babu shi a ciki sai a layi ɗaya, inda aka ce wani mai hula ya dawo ya tarar karas ya tsiro. Dalmas ya ɗauki sabon, aka goge tsohon a gabanta, ta sa jikar Dalmas ta rantse.

"To, saura na ƙarshe," in ji Sabina.

"Yana zuwa."

"Yaushe?"

"Ban sami wanda zai tsaya miki a kwana ba tukuna. Uwarki ba ta iya kofi ba."

"Kada ka taɓa uwata."

Haka suka yi shekaru. Takan tuna masa in an dawo daga wani makoki, yakan ce tsirkiya ce, ko murya, ko sanyi. Ya yi wa wasu tsofaffi nasu har ƙarshe. Ita kuwa ta ci gaba da cin abinci tana kiransa malalaci.

Shi ya riga ta. Wata safiya ya je juya ruwa a gonar ƙasa, aka same shi zaune ya jingina da katanga, hula ta rufe masa fuska kamar mai gyangyaɗi. Bai yi wa kansa waƙa ba. A makokinsa Dalmas ya yi ta rera na sauran mutane, kowa ya ji na ubansa ko na kakarsa, aka yi dariya a wurin jan doki.

Baket Sabina tana nan. Ta ƙi a sayar da jitar, ta ƙi a ba wani mawaƙi ya ƙarasa mata. Wani lokaci takan sa Erlinda ta kunna mata waƙar a waya tana tsince wake. Baiti uku ne, sai kiɗa ya ci gaba kaɗan, a ji Kalisto ya ja numfashi kamar zai shiga na huɗu, sai ya yi tari ya ce wa Dalmas ya kashe haka nan.

"Dubi aikinsa," takan ce. "Da gangan ya yi. Yanzu sai in zauna ina jira."

Sai ta miƙa hannu ta ɗebo wani waken.